Ba Fotugal ce ta cika cocin Timor ba

Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare da wata amsa da na haddace: duk inda Katolika suka yi yawa a Asiya, nemi Baturen da ya mulki wurin. Filifin, Sifen. Timor ta Gabas, Fotugal. Haka na rubuta a allo, yara suka kwafa, wanda ya maimaita mini a jarrabawa ya kwashe makinsa cif.

A kan Timor, shirme na koya musu. Limaman Katolika sun isa tsibirin tun ƙarni na 16, amma da Fotugal ta tattara ya-nata-ya-nata a 1975, mabiyansu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Galibin jama'a na kan addinin kakanninsu. Sojojin Indonesiya suka mamaye ƙasar ranar 7 ga Disamba 1975, kafin su fita a 1999 Katolika sun haura kashi 90 cikin ɗari.

Dalili kuwa, gwamnatin Suharto, shugaban Indonesiya na lokacin, ta wajabta wa kowa ya zaɓi ɗaya daga addinan da hukuma ta yarda da su, a rubuta masa a katin shaida. Na gargajiya ba ya ciki, marar addini kuwa ɗan kwaminis ake ɗaukarsa, zargin da kan kai mutum kabari a lokacin. Ga coci kuma ta tsaya tare da talaka. A shekarun mamayar, Fadar Vatican ce ke kula da cocin Dili, babban birnin ƙasar, kai tsaye, a 1981 aka koma yin ibada da Tetum, harshen mutanen. Matasan da sojoji suka buɗe wa wuta a maƙabartar Santa Cruz ranar 12 ga Nuwamba 1991, daga cocin Motael suka taso.

Ƙiwa ce ta ja mini. Amsar ta yi daidai da abin da na riga na yarda da shi game da Turawan mulki, sai ban wahalar da kaina wajen jera shekarun ba, alhali aikina ke nan.

Na koma aji na ce kowa ya soke layin. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, ke nan yaƙin Musulmi da Kirista aka yi?"

Na ce mata a'a, yaƙin ƙwatar ƙasa ne. Da suka sami 'yanci a 2002, firaministansu na farko, Mari Alkatiri, Musulmi ne, kakanninsa daga Yaman suka zo.