Gitar Mdou Moctar da kunnen Bahaushe

A tashoshin mota na Agye da Gazawa, har zuwa Gidan Rumji, ba wuya a ji gitar Abzinawa tana tashi daga wayar wani saurayi. Ya san kiɗan sarai, amma da za a tambaye shi abin da mawaƙin ke faɗi, sai ya yi murmushi, domin da Tamajak ake waƙar.

Cikin masu wannan kiɗa na rok akwai Mahamadu Sulaimane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, bahagon makaɗi daga yankin Abalak a jihar Tawa. Gitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta, da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Daga nan waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya. Ke nan da hannun Hausawa a tashinsa.

Waƙoƙin farko galibi na soyayya ne. Daga baya murya ta yi kauri: Afrique Victime a 2021, sai Funeral for Justice a 2024, inda waƙar Oh France ke tuhumar Faransa kai tsaye. Wanda ya san cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, alhali ƙauyuka da dama na kwana cikin duhu, ba ya buƙatar dogon bayani. An ɗauki kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya riski ƙungiyar tana rangadi a Amurka, saboda haka kuskure ne a ɗauke shi amshin shatan wata gwamnati.

Sai dai waƙar da ta fi cancantar malami ya tsaya a kanta ita ce Imouhar. Kira ce ga Abzinawa da su riƙe harshensu, su rubuta shi, kada ya mace a bakin ƴaƴansu. Da sauƙi Bahaushe ya tafa, ya ɗora laifin duka a kan Faransanci. Amma yaron Buzaye da ya tashi a kasuwar Gazawa, da wane harshe yake ciniki, yake wasa, har yake faɗa? Da Hausa ne. Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, nauyin wannan tambaya ya ƙaru a wuyan masu koyar da ita.

Abin takaici, fassarar waƙoƙin da ake samu galibi cikin Turanci take, an yi ta domin masu sayen faifai a ƙetare. A ajin kwaleji inda aka yi dacen samun ɗalibi ko ɗaya mai jin Tamajak, ana iya saka Imouhar, a miƙa masa alli, ya fassara wa ƴan'uwansa da Hausa.