Ranar da Motar Ƙanena Ta Kauce Hanya

Ni ɗan Yasore ne, a yammacin jihar Katsina, inda ƙasashen Batsari da Safana suka jingina da dajin Rugu. Aikin koyarwa a jami'a ya raba ni da gida shekaru masu yawa, amma mahaifiyata tana can, ƙannena suna can, gonar mahaifinmu ma tana can. Duk wanda ya san yankin a shekarun nan ya san cewa zuwa gida ya zama abin da ake yi wa lissafi: wace rana, wane lokaci, da wace mota, kuma wa zai tuƙa.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. Cikin waɗannan makonni ne jikin mahaifiyarmu ya tsananta. Saƙon bai iso mini ba sai ta bakin wani direba, bayan kwana biyu. Na tafi, muka ɗauko ta a motar ƙanena, wata tsohuwar Golf da yake haya da ita tsakanin Batsari da Katsina. Shi ne ke tuƙi, ina gefensa, Inna da ƙanwarmu suna baya.

Ba mu yi nisa ba muka iso wani kwalbati da ruwa ya cinye bakinsa, dole aka rage gudu har motar ta kusa tsayawa. Nan ne muka hangi babura uku sun ɓullo daga cikin gonaki, kowanne da goyo. Ƙanena bai tsaya shawara ba, ya sa giya ta ɗaya ya take totur har ƙasa. Maimakon motar ta miƙe, sai ta fizge sitiyari daga hannunsa ta yi dama, tayar gaba ta faɗa cikin yashin gefen hanya tana juyawa a banza, ƙura ta turnuƙe, injin ya mutu. Muka zauna tsit, Inna tana salati. Da baburan suka iso, sai ga shi 'yan sintirin ƙauyen da ke gaba ne, har suka taimaka muka turo motar. Allah ne ya kiyaye. Amma tun daga wannan rana tambaya ɗaya ta hana ni sakat: da a ce waɗanda muke tsoro ne fa?

Da muka isa Katsina aka kwantar da Inna, na ce wa ƙanena ba za ta sake ɗaukar fasinja ba sai an gano abin da ya sa ta yi haka. Ya ce, "Yaya, ai ta daɗe tana yi, in na taka ta da ƙarfi ne kawai. Na saba riƙe ta." Wannan amsa ta fi ba ni tsoro a kan baburan.

Makanikin farko da muka je wurinsa ko kallon ƙarƙashin motar bai yi ba. Ya ce alaimen ne, aka yi, muka biya, muka fita gwaji, motar ta maimaita halinta. Wani ya ce a sauya sitiyarin gaba ɗaya. Wani dattijo a tasha ya ce a nemi addu'a, wataƙila an yi wa motar baki. Kowa yana da magani a hannu, ba wanda ya tambayi yadda ciwon yake.

Sai aka kwatanta mana wani tsohon makaniki da ya shekara talatin yana gyaran ƙafar mota. Kafin ya taɓa sifana sai da ya yi wa ƙanena tambayoyi kamar likita. Yaushe take janyewa? In ana tafiya a miƙe ba a taka komai ba, tana yi? In an taka birki fa, wane ɓangare take nufa? In an ɗaga ƙafa daga totur, tana dawowa? Ƙanena ya ce in ya taka totur tana yin dama, in ya taka birki kuma kamar tana son yin hagu. Tsohon ya gyaɗa kai, ya dube ni ya ce, "Malam, motar da ke janyewa kullum daban, wadda ke janyewa a birki daban, wadda ke janyewa a totur daban. Wanda ya haɗa su ya ba su magani ɗaya, kuɗinku kawai zai ci."

Ya fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ya auna iskar tayoyin gaba, ya tarar ta dama ta gaza ta hagu sosai, kuma mota takan karkata zuwa ɓangaren tayar da iskarta ta yi ƙasa. Ya duba rubutun jikinsu, ashe ba kamfani ɗaya ba ne, zanen ma ba ɗaya ba, duk 'yan Beljiyam da aka saya a lokuta dabam-dabam. Ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Ɗaya daga cikin namu ta haura shekara goma, alhali Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin kada a wuce shekara huɗu. Ya daidaita iska, ya musanya tayoyin biyu, ta hagu ta koma dama. Ya ce in laifin taya ne kaɗai, janyewar za ta sauya ɓangare. Muka fita gwaji. Ta ragu, amma har yanzu dama take yi.

Da muka dawo ya bi ƙafafun huɗu yana kai bayan hannunsa kusa da kowanne, yana neman wanda ya fi zafi, domin birkin da ya liƙe yakan ɗumama ƙafarsa ya kuma ja motar. Babu. Sai ya sa jak, ya zura ƙarfe tsakanin hannun da ke riƙe ƙafar dama da jikin motar, wanda suke kira lowa'am, ya ɗan banƙara. Hannun ya motsa gaba da baya a sake. Robar da ke riƙe shi, wato bushin, ta tsage ta rududduge. Ya duba kujerar inji, ita ma ɗaya ta karye.

Bayanin da ya yi mini na same shi daidai da abin da na karanta daga baya. Golf da ƙafafun gaba take ja, su ne kuma suke juya ta. Injinta a gicciye yake, akwatin giya yana gefe ɗaya, saboda haka shaf biyun da ke kai ƙarfi ga tayoyi tsawonsu ba ɗaya ba ne, kwanciyarsu ma ba ɗaya ba. Ko motar lafiyayya ce, in aka sakar mata ƙarfi gaba ɗaya takan ɗan ja sitiyari. To in bushin ya mutu, da an taka totur sai tayar ta tura kanta gaba ta sauya inda ta fuskanta, in an taka birki ta koma baya ta fuskanci wani wajen. Shi ya sa alaimen bai yi amfani ba, domin an auna ƙafar tana tsaye, ita kuwa sai ƙarfi ya hau ta take kaucewa. Da tayar ta faɗa yashi kuma, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu ba ta iya ba wadda ke kan ƙasa mai tauri fiye da abin da ta cikin yashi ta iya riƙewa. Ƙarin totur a wannan hali ƙura kawai yake tayarwa.

Akwai ɗan wana da ke tare da mu, matashi mai sha'awar wasan mota irin wanda samari ke yi a bukukuwa, abin da na sha yi masa faɗa a kai, kuma har gobe ban yarda a yi shi a titin jama'a ba. Shi ne ya nuna mini a wayarsa tseren da ake yi a Amurka, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su miƙe kwatan mil, kimanin mita 402, ƙarƙashin ƙungiyar NHRA da aka kafa a 1951. Galibin motocinsu da ƙafafun baya suke ja, kuma murɗawar shaf takan danne tayar baya ɗaya ta sassauta ɗaya, sai motar ta kauce tun daga tashi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda suke bin matsalar: suna auna iska, suna auna kewayen kowace taya da tef, suna sauya abu ɗaya su gwada kafin su taɓa na biyu. Wannan ita ce hanyar da tsohon makanikinmu ya bi a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, ita ce kuma nake koya wa ɗalibaina da sunan hanyoyin bincike, ban taɓa tunanin aiki da ita a kan motar da ke ɗaukar mahaifiyata ba.

Kuɗin bushin da kujerar inji da tayoyi biyu iri ɗaya bai kai abin da ƙanena ke samu a 'yan makonni ba. Su can suna gyara tashin mota don cin kofi, direban Batsari da Safana kuwa rayukan mutum shida ko bakwai ne a bayansa, galibi da buhunan hatsi da aka jibge a gefe ɗaya, abin da ke ƙara karkatar da motar.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu da su ajiye ma'aunin iska, a riƙa duba tayoyin gaba kafin a yi lodi. Direba kuma ya samu wuri mai faɗi da babu jama'a, ya gwada tashin motarsa, in ta ja sitiyari ya kai ta a duba bushin da bol-join da kujerar inji, kada ya ce ya saba riƙe ta. Ya koyi taka totur da lallashi in yana kan burji ko yashi. Sassan koyar da aikin injiniya a manyan makarantun jihar nan su ma suna da abin da za su koya a gareji, da abin da za su kai can. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Inna ta warke ta koma Yasore, ƙanena yana nan yana bin hanyar. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya tsare matafiya a duk inda suke.