Jirgin Yaƙi Mai Sulke Daga Kara Da Gwangwani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ya san da zarar an girbe dawa kara ya bushe, to, ƙananan maƙera sun sami aiki. Yaro zai ɓare bayan kara, ya yanyanka totuwa, ya yi ta soke-soke yana harhaɗawa, har mota ta fito da ƙafafunta huɗu. Jirgin ruwa ne kawai ba mu saba ƙerawa ba, domin mu duwatsu da dabino muka sani, sai kuwa kududdufi da damina. Ni dai a 'yan shekarun nan, in na je hutu gida, jirgin yaƙi mai sulke nake ƙera wa ƙannena, kuma ina so in gaya wa mai karatu abin da na gani a ciki.

Wanda ya taɓa kallon 'yan lifidi da 'yan sulke a hawan Salla ya riga ya fahimci dabarar. Yadda kakanninmu suka tsare mahayi da dokinsa daga kibiya da mashi, haka Turawa suka lulluɓe jiragensu da ƙarfe, bayan da harsashi mai fashewa ya fara cinye jiragen katako. Faransa ta saki nata mai suna Gloire a ruwa a 1859, Ingila ta mayar da martani da Warrior a 1860. Amma ranar 9 ga Maris, 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, aka fara gwabzawa tsakanin masu sulke biyu a mashigin Hampton Roads, watau Monitor na mutanen Arewa da Virginia na mutanen Kudu. Suka shafe sa'o'i suna ɓarin wuta, ba wanda ya nutsar da wani.

Waɗannan biyun nake kwaikwaya, saboda siffarsu ba wuya. Monitor shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, da ɗaki kewayayye a tsakiya mai juyawa, ɗauke da igwa biyu. Sai in sami gwangwanin kifi ya zama cikin jirgi, in buɗe wani in daddale shi ya zama rufi, in kifa ƙaramin gwangwanin tumatir a kai, in soke shi da ƙusa yadda zai juya. Sillen kara biyu su ne igwa. Virginia kuwa kamar jinka mai gangara take, sai a yi mata ƙashi da totuwa, a bi da sala-salan gwangwani. Lalle ne a goge kowane baki a jikin dutse, kada a je neman wasa a dawo da yanka.

Daɗin abin yana wurin gwaji a cikin daro. Tambayar farko da yara kan yi ita ce, me ya sa ƙusa take nutsewa amma gwangwanin da ya fi ta nauyi yake yawo a bisa ruwa? Ba na saurin ba su amsa. Sai in ce su riƙa zuba tsakuwa ɗaya-ɗaya suna duban yadda jirgin yake ƙara zama cikin ruwa, har su gane da kansu cewa muddin ruwan da jirgi zai iya turewa ya fi shi nauyi, ba zai nutse ba.

Sa'an nan in an kaɗa ruwan da hannu, sai a ga yana hawa kan rufin Monitor, yana zurara ta ƙarƙashin gwangwanin tumatir, har jirgin ya yi ƙasa. Abin da ya sami na gaskiyar ke nan. Rufinsa bai fi kamu ɗaya daga fuskar ruwa ba, kuma a daren 31 ga Disamba, 1862, igiyar teku ta nutsar da shi kusa da Cape Hatteras, mutum 16 suka halaka. Sai a 2002 aka tsamo ɗakin igwarsa. Yaron da ya ga haka a daron uwarsa ba zai manta ba, don gani ya kori ji.

Yau kayan wasan roba sun cika kasuwanni, kuma ban ce a hana yara su ba. Sai dai abin da aka saya, in ya karye, kuka ne ƙarshensa, wanda kuwa yaro ya ƙera da hannunsa, in ya karye sai ya zauna ya binciki dalili. In muka bar wannan sana'a ta mutu, har kalmominta irin su totuwa da sille za su bi ta.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in an yi hutu kowa ya nemi kara da gwangwani ya zauna da ƙannensa ko da yini ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace, amin.