Cacar jimillar maki a ƙwallon jami'o'in Amurka

Ƴan uwa, akwai cacar da nake gani tana jan samarinmu ta waya. Ba ruwanka da wanda ya ci wasa. Kai dai ka canka ko jimillar makin ƙungiyoyi biyu za ta haura, misali, 52, ko ba za ta kai ba.

A 2018, jami'o'in Texas A&M da LSU sun tashi 74 da 72, maki 146 ke nan, bayan ƙarin lokaci har sau 7. Wa ya hango wannan daga Maraɗi?

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin. Galibi sai ka zuba 110 kafin ka samu ribar 100. Ko rabin canke-cankenka sun yi daidai, aljihu raguwa yake. Ni dai jikkata ta cefane ba za ta je can ba.