Daga Kagarko Zuwa Kurmin Nindam, Gidan Tsuntsu Mai Aron Baki

Matafiyin da ya baro babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja a wajen Jere, ya fuskanci gabas, ba zai yi nisa ba sai ya ga ƙasa ta sake kama. Kagarko tsohon gari ne, yana cikin garuruwan da suka bi Sarkin Zazzau tun ƙarni na 19, kuma Koro da Gbagyi da Fulani da Hausawa suna zaune a kewayensa. Yawancin dajin doka ne da ciyawa, amma duk inda rafi ya ratsa kwari, sai a hango wani baƙin duhu na manyan itatuwa ya bi ruwan kamar an ja zare. Shi ne kurmi. Sunayen garuruwan hanyar ma shaida ne, ga Kurmin Jibrin nan kafin a kai Kwoi, watau mutanen farko kurmi suka tarar suka zauna a gefensa.

Kome gabas aka ƙara, kurmin sai ya ƙara kauri, har a wuce Kafanchan, mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, a iso gindin duwatsun Kagoro. Waɗannan duwatsu su ne bakin tudun Jos ta kudu maso yamma. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana cin karo da su, ta hau, ta zubar da ruwanta a nan, saboda haka wurin ya fi maƙwabtansa damshi. Wannan ne ya raya kurmin Nindam, wanda gandun gwamnati ne, da itatuwa irin na kudu, loko da kwakwar manja da igiyoyin daji, a tsakiyar ƙasar ciyawa.

A cikin wannan duhu akwai wani ɗan tsuntsu da masana ke kira Cossypha natalensis, Turawa kuwa suna masa laƙabi da mai jar hula. Wani likita Bature, Andrew Smith, shi ya raɗa masa sunan a 1840, daga yankin Natal na Afirka ta Kudu, kuma can da gabashin Afirka ne ya fi yawa. Abin mamaki shi ne samunsa a nan. Masu binciken da suka yi ta kai da kawowa a Nindam, suka buga jerin tsuntsayen kurmin a mujallar Malimbus a 1986, sun same shi a ciki, nesa ƙwarai da inda danginsa suka yi dandazo. A 2001 kuma ƙungiyar BirdLife ta sa gandayen Kagoro da Nindam cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Afirka.

Tsawonsa bai wuce inci 6 da rabi ba, nauyinsa kuwa bai kai rabin na kurciya ba. Fuskarsa da ƙirjinsa da cikinsa duk launin ɓawon lemo ne, fikafikansa toka-toka masu ratsin shuɗi, hular kansa ta fi ƙirjin duhu. Duk da wannan ado, ganinsa aiki ne. Ba ya son fili. A ƙasa yake kiwo, yana tsalle cikin busassun ganyayen da suka zuba, yana birkice su da baki, yana tsintar tururuwa da gara da gizo-gizo da ƙananan ƙwari, wani lokaci da 'ya'yan itace. Idan kwarkwasa ta fito yaƙi, yakan bi sahunta yana cafke ƙwarin da ta koro.

Amma inda ya yi fice shi ne baki. Kukansa na yau da kullum fito ne mai hawa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana ta maimaitawa da asuba da almuru. In ya ga dama kuwa sai ya shiga kwaikwayo. An ji shi yana aron kukan tsuntsaye fiye da iri 30, har da na gaggafa wadda ta ninka shi girma sau da yawa, har da fiton mutum. Mai neman tsuntsaye yakan ɗaga kai yana duban sama, alhali mai kukan yana ƙarƙashin ganye kusa da ƙafarsa. Kuma ba ya aron abin da bai ji ba, don haka waƙarsa kamar rajista ce ta mazauna kurmin da yake ciki.

Da damina macen takan yi sheƙa mai kamar ƙoƙo a kogon itace ko ruɓaɓɓen kututture, ta sa ƙwai 2 ko 3, ta kwanta musu kamar mako 2. Shi ma mai wayon ana yi masa wayo, domin akwai wani tsuntsu mai jan ƙirji da ba ya gina sheƙa, yakan saci jiki ya sa ƙwansa a tasa, ya bar shi da renon ɗan wani.

Duk rayuwar nan a kan abu biyu ta rataya, inuwa da ganyen ƙasa, kuma su ne suka fi saurin tafiya. Mai injin yanka katako yana ɗauke manyan itatuwa, mai gawayi da mai itacen girki su bi baya, rana ta shiga ta busar da ƙasa, wutar rani ta lashe ganyen. Ba a ce manomi ya yi laifi ba. Citta ita ce arzikin Kagarko da Jaba da Kachia, kuma cutar da ta cinye gonakinta a 2023 ta bar gidaje da yawa da bashi. Wanda ya shiga wannan hali ba zai dubi itacen loko ya ga wani abu ba sai kuɗi. Sai dai kurmin da ke riƙe da tsuntsun shi ke riƙe da rafin da ake ɗiba da rani.

Kurmin bakin rafi siriri ne, ba a bukatar sare shi duka kafin ya tashi daga aiki. A yanke shi wuri biyu ko uku, tsuntsun da ke gudun fili ya zama ɗan kurkuku a guntun da ya rage. Tsakanin Kagarko da Kagoro, akwai rafukan da yanzu kwakwar manja kaɗai aka bari a bakinsu, don ita tana ba da mai.