Wasiƙa daga Leeds: Yadda na ƙunshe wa Yaya masarrafa

Mu dai a nan Ingila sai godiya, ruwa kullum.

Kwanakin baya Yayana, wanda ke koyarwa a wata sakandare a Zariya, ya bugo mini waya yana kukan cewa yakan yi kwana uku yana tara makin ɗalibai da kalkuleta, ga hutu ya matso. Sai na zauna na rubuta masa 'yar masarrafa da yaren Python, irin wadda ake ba umarni a baƙin allon nan. Na aika masa ina ta jin kaina.

Washegari sai ga saƙo: "Ƙanena, abin naka fa ya ƙi buɗewa."

Ashe na manta cewa rubutun Python sai da tafinta, wato manhajar da ke karanta shi. Kwamfutata tana da ita, tasa kuwa babu. In ce ya sauko da ita ya girka? Ga tsadar data, ga rashin wuta.

Mafita ita ce PyInstaller. Da ka rubuta pyinstaller --onefile sakamako.py, sai ta ƙunshe rubutunka da tafintan da duk abin da yake buƙata a fayil guda, sakamako.exe. Dannawa kawai za a yi.

Amma fa mai karatu, na sha tuntuɓe. Na farko, ina aiki da Linux, alhali ƙunshin Windows sai a kan Windows ake yin sa, dole na ari kwamfutar wani abokina. Na biyu, Yaya Windows 7 gare shi, kuma daga Python 3.9 da ta fito a 2020 an daina tallafa mata, sai na koma 3.8. Na uku, allon kan rufe kansa da zarar lissafi ya ƙare, kafin Yaya ya ga komai. Sai na ƙara layi ɗaya da ke jira a danna Enter.

Daren Alhamis ya sake kira: "Ya yi! Har na gama aji biyu."

Tun daga ranar, kafin in rubuta wa wani komai, nakan fara tambaya: wace irin kwamfuta gare ka?

Sai wani jiƙon. A gaida mutanen gida.