Singafo: Inda Murhun Gida Ya Ke Hutu

A ƙasar Singafo, in dattijo ya gamu da tsohon saninsa a hanya, sau da yawa ba gajiya ko iyali ya ke fara tambaya ba. Abin da za ya ce shi ne, "Ka ci abinci?" Sinawa suna faɗin wannan da harshensu, Malayawa kuma da nasu. Mu malamai huɗu ne muka je can kwas na mako uku, kafin mu dawo kuwa mun gane gaisuwan nan ba banza ba ce. Abinci shi ne babban zancen garin. Amma abin da ya ɗaure mana kai shi ne, mafi yawan abincin nan ba a gida a ke dafa shi ba.

Singafo tsibiri ne a kudancin Malesiya. Girmanta bai kai murabba'in kilomita 750 ba, watau kamar kashi ɗaya cikin goma na Yankin Birnin Tarayya na Abuja, amma a shekarar 2024 mutanenta sun zarce miliyan 6. Ta rabu da Malesiya ta zama ƙasa mai mulkin kanta a 1965. Cikin kowane mutum huɗu, wajen uku Sinawa ne, sa'an nan Malayawa, sa'an nan Indiyawa. Gonaki kuwa kusan babu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da su ke ci daga waje a ke kawo shi, shinkafa da kaji da ganye duka. Ga mutumin da ya tashi yana ganin rumbu a bayan ɗakin ubansa, wannan abin tsoro ne.

Ba manyan gidajen abinci ne ke ciyad da jama'ar ba. Akwai wasu wurare da mu muka laƙaba wa suna kasuwar dafaffe. Ku ɗauka an yi babbar rumfa mai rufi, ba bango, fanka na juyawa a sama. A gefe ga ƙananan shaguna a jere, kowane bai fi ɗakin ajiya na makaranta ba, kowane kuma da irin abincin da ya gwaninta a kai, ɗaya ko biyu. A tsakiya ga tebura da kujeru a kafe a ƙasa, na kowa da kowa. Irin waɗannan kasuwanni sun fi 110 a ƙasar. Wadda ke unguwar Sinawa ita kaɗai tana da shaguna fiye da 200.

Dā masu abincin nan a bakin titi su ke, da amalanke ko kwando a kafaɗa, kamar yadda mu ke gani a tashoshinmu. Ruwan wanke kwano guda ne tun safe har dare, shara kuma a zuba a lambatu, sai kwalara da zazzaɓin taifot suka yi ta damun mutane. Gwamnati ba ta kore su kawai ta bar su da yunwa ba. A 1968 da 1969 ta rubuta sunayensu duka, daga 1971 ta shiga gina musu rumfuna masu famfo da lantarki da magudanar ruwa, a kan haya mai sauƙi. Aikin ya ɗauki shekara goma sha biyar, sai a 1986 aka gama kwashe na ƙarshe daga titi. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Da ma masu hukunci a biranenmu za su lura da yadda abin ya bi: an fara gina rumfa tukuna, sa'an nan aka hana zaman titi.

Wurin yana da nasa ladabi. In ka ga ɗan ƙunshin takardar share hannu a bisa tebur, to, an kama wurin ke nan, mai shi yana layi, ba kuwa wanda za ya taɓa. Mai sayarwa, komi rashin sanin da ka yi masa, kawu za ka kira shi, mace kuma goggo. In ka gama ci kai ne za ka kwashe kwanonka. Tun daga Satumba 2021 wannan ya zama doka: karon fari gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dala 300. Wurin mayad da kwano kuma kashi biyu ne, na abincin halal dabam, na sauran dabam, gama Sinawa suna cin naman alade ƙwarai. Ta haka Musulmi da Kirista da mai bin addinin Buddha su kan zauna tebur guda, kowa da kwanonsa, ba mai tsarguwa. Mu da mu ke zaune da maƙwabta Musulmi mun daɗe muna kallon wannan.

Mun tafi da tsoron za a ba mu abin da ba mu san kansa ba. Ashe 'yan'uwan abincinmu suna can birjik. A tsakiyar birni akwai tsohuwar kasuwa mai suna Lau Pa Sat, ginin ƙarfe mai kusurwa takwas, na shekarar 1894. Da magariba a kan rufe titin da ke gefenta, a jera tebura, masu gashi su hura gawayi. Abin da su ke gasawa sunansa sate, mu dai tsire muka gani: naman kaza ko na tunkiya ko na sa a tsinke, ga albasa da kokwamba a gefe. Bambancin, mu da garin ƙuliƙuli da yaji mu ke barbaɗe nama, su kuwa su kan jiƙa shi da kurkum da sukari, gyaɗar kuma su yi miya mai kauri da ita, a riƙa tsomawa. Ga bakinmu zaƙi ya yi yawa, tsokar kuma ƙanana ce, mai tsiren Sabon Gari ba za ya yarda ya miƙa wa mutum irinta ba. Duk da haka ba mu bar ko tsinke ɗaya ba.

A kasuwar Tekka ta unguwar Indiyawa abin ya fi haka. Akwai tose, wanda a ke yi da ƙullun shinkafa da wani irin wake, a bar shi ya kwana ya tashi, a shimfiɗa a kasko: sinasir ke nan, sai dai ya fi faɗi da sirantaka. Akwai wadai, ƙanen ƙosai, da rami a tsakiya. Miyarsu da tsamiya, kuɓewa kuma a cikin miyar kan kifi. Zogale ma suna ci, amma su 'ya'yan nan dogaye su ke yankawa a miya, waɗanda mu mu ke bari su bushe a bisa itace. Mai shayi kuwa yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani har ya yi kumfa, daidai da na bakin tasharmu. Malayawa suna da belacan, watau ƙananan jatan lande da aka tsima da gishiri. Ranar da aka gasa shi kusa da mu, ɗayanmu ya ce, "Malam, wannan ai daddawa ce ta sha ruwan teku."

Manyan gidajen abinci masu sanyi da ma'aikata cikin riga iri ɗaya, sau ɗaya aka kai mu. An kawo ƙaguwa cikin jar miya mai barkono da ƙwai, a tsakiyar tebur kuma akwai faifan gilashi mai juyawa domin kowa ya kai hannu. Da daɗi, ba musu. Amma a kan kuɗin abinci a kan ƙara kashi 10 na hidima da kashi 9 na haraji, abin da aka biya a daren nan kuwa ya isa ciyad da mu kwana da kwanaki a kasuwar dafaffe, inda farantin shinkafa da kaza ya ke dala 4 ko 5.

Wannan araha ita ce ta kashe wuta a murhu. Wajen mutum takwas cikin goma suna zaune a gidajen bene da gwamnati ta gina, kusan kowace unguwa kuma da kasuwarta a gindin bene. Miji da mata duka suna aiki, su fita da sassafe su dawo bayan duhu. In mace ta lissafta kuɗin cefane da gas da gajiya, sai ta ga sauka ƙasa ta sayo ya fi mata. Wani bincike da hukumar lafiya ta ƙasar ta yi a 2010 ya nuna mutum 6 cikin 10 suna ci a waje sau huɗu ko fiye a mako.

Ran Lahadi ta biyu, bayan sujada, wata tsohuwa ta kai mu gidanta a hawa na goma sha ɗaya. Ita daga zuriyar da a ke kira Peranakan ce, jikokin Sinawan da suka zo tun ɗaruruwan shekaru suka auri matan ƙasar, girkinsu kuwa ya yi suna wajen wahala. Ta nuna mana ɗan turmin dutse na uwarta, wanda ta ke daka albasa da barkono da kurkum da belacan a ciki. Ta yi mana miyar kaza da wasu baƙaƙen 'ya'yan itace da a ke jiƙawa kwanaki ana sake ruwa kafin su dafu. Muka ce, "Mama, ko akwai ma'auni da ki ke bi?" Ta yi dariya ta ce hannu da hanci su ne ma'auni. 'Ya'yanta uku, duka sun yi karatu mai zurfi, ba wanda ya iya miyan nan. Su kan zo ci, amma ba su zuwa da wuri har su ga ana dakawa. Ta ce a gidaje da yawa, ranar da iyali duka ke haɗuwa a kan girkin gida ita ce daren jajiberin sabuwar shekarar Sinawa, shi ma yanzu wasu a gidan abinci su ke yinsa.

A nan ne ra'ayinmu ya rabu biyu. Kada mu yi saurin zargi, gama sayen dafaffe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane ne a cikinmu bai karya kumallo da kokon maƙwabta da ƙosai ba? Mata nawa ne suka biya kuɗin makaranta da waina da ɗanwake da alale? Sayen abinci ya kan ba mace hutu, ya ba wata sana'a. Amma mai sayarwa don harshe ya ke dafawa, ba don jininka ba. A 2016 gwamnatin Singafo ta yi shelar yaƙi da ciwon sukari, binciken 2022 kuma ya nuna mutum 9 cikin 10 suna cin gishiri fiye da ƙima. Akwai kuma abin da ba a aunawa. A makaranta mu kan gane yaron da a ke cin tuwon dare tare a gidansu, domin a nan ne a ke tambayarsa abin da ya koya, a nan ya ke jin addu'a da labarin kakanni. A kasuwannin can mun ga iyalai a tebur guda, uba da taliya, uwa da shinkafa, yara da wani abu dabam, kowa kuma idonsa a kan waya.

Kasuwannin su ma suna da tasu damuwa. Matsakaicin shekarun masu shagunan ya kai wajen 60. Da yawa su kan tashi tun kafin asuba, su wuni a tsaye gaban wuta, sun kuwa yi wannan wahala ce domin 'ya'yansu su yi karatu su huta da ita. A 2016 littafin Michelin, mai ba gidajen abinci daraja a duniya, ya ba wani mai shinkafa da kaza a unguwar Sinawa tauraro, lokacin farantinsa dala 2 ne, ko da ya ke an janye tauraron a 2021. Suna ya samu, amma magada sun yi ƙaranci, jama'a kuma ba su son a ƙara ko kwabo a kan farashi. Gwamnati ta fito da shirin haɗa tsofaffin masu girki da matasa masu son koyo. In gida ya bar dafawa, kasuwa kuma ta rasa mai gadonta, sai abincin masana'anta.

Abu ɗaya da muka roƙi Mama ta koya mana shi ne shinkafa da kaza irin ta mutanen Hainan, gama kayanta duka suna kasuwarmu. A sami kaza mai ƙiba, a cire kitsen a ajiye, a goge jikinta da gishiri, a cusa citta ɗanya da ganyen albasa a cikinta. A sa ta cikin ruwa mai zafi, a rage wuta ƙwarai don kada ya yi ta tafasa, har wajen minti 40. Kazar gida mai tauri za ta bukaci fiye da haka. Da an tsame ta sai a tsoma cikin ruwa mai sanyi, su da ƙanƙara su ke yi, ruwan randa ma ya wadatar. Sa'an nan a narkar da kitsen, a soya tafarnuwa da citta a ciki, a zuba wankakkiyar shinkafa a juya kaɗan, a dafa ta da romon kazar maimakon ruwa. Yajin kuwa jan barkono ne ɗanye da tafarnuwa da citta a daka, a matse lemun tsami, a sa gishiri da cokali biyu na romo. Akwai wani ganye mai ƙamshi, pandan, da su ke ƙullawa su jefa cikin shinkafar. Shi ba mu da shi, amma an gwada ba tare da shi ba a gidaje huɗu, tukunya kuwa ba ta kwana da saura ba. Ragowar romon a yayyanka masa ganyen albasa, a ba kowa a ɗan kofi ya riƙa kurɓa yana ci.